Kujera ɗaya, mutum biyu: L. P. Cookingham da gyaran aikin hukuma a birnin Kansas

A tsakiyar shekarar 1940 wani injiniya mai shekara 43 da haihuwa, Laurie Perry Cookingham, ya sauka a birnin Kansas na jahar Misuri, cikin ƙasar Amurka, domin ya kama aikin da majalisar garin ta ɗauke shi. Bai san kowa ba a garin, kuma wannan rashin sanin yana cikin dalilan da suka sa aka neme shi. Abin da ya tarar kuwa shi ne birni mai mutane wajen 400,000, da bashin da ya kai kimanin dalar Amurka miliyan 20 (mai karatu ya tuna ba dalarmu ta sefa biyar ake nufi ba), da takardar albashi cike da sunayen mutanen da wasunsu ba su taɓa taka ƙofar ma'aikata ba. Ya yi shekara 19 bisa wannan kujera. Ba za a fahimci abin da ya yi a cikinsu ba sai an san wace irin kujera ce, da kuma wanda ya riga shi zama a kanta.

Sunan muƙamin da Ingilishi yana nufin manajan birni, wato mai gudanar da ayyukan gari. Ba zaɓensa ake yi ba. Jama'a su zaɓi ƴan majalisar gari da magajin gari, su kuma su ɗauko ƙwararre daga ko'ina cikin ƙasar, su damƙa masa ragamar ma'aikatu: ruwa, hanyoyi, kwasar shara, asibitin hukuma, tsara kasafin kuɗi, ɗaukar ma'aikata da sallamarsu. Majalisa ke yanke abin da za a yi, shi kuma ya san yadda za a yi shi. Ran da suka gaji da shi, ƙuri'ar mafi rinjaye ta isa ta raba shi da aikin. Garin Staunton na jahar Birjiniya ne ya fara gwada wannan tsari a 1908, sa'ad da ya ɗauki Charles Ashburner. Babban gari na farko da ya bi sahu shi ne Dayton na jahar Ohayo, a 1914, bayan ambaliyar da ta yi masa kaca-kaca a 1913 ta nuna gazawar masu riƙe da shi. A wannan shekara ta 1914 ne kuma manajojin, su ƴan ƙalilan, suka kafa ƙungiyarsu.

Tunanin da ya haifi muƙamin ya girmi muƙamin. Tun zamanin shugaba Andrew Jackson, a shekarun 1830, ƴan siyasar Amurka suka ɗauki aikin gwamnati tamkar ganimar yaƙi: jam'iyyar da ta ci zaɓe ta kori ma'aikatan da ta tarar, tun daga mai rarraba wasiƙu har jami'in kwastan, ta zuba nata. Sai da wani mai neman muƙami da bai samu ba, Charles Guiteau, ya harbe shugaba James Garfield a 1881, sannan majalisar ƙasa ta yi dokar Pendleton a 1883, wadda ta ce a riƙa shiga wasu ayyukan gwamnatin tarayya ta hanyar jarrabawar gasa, irin abin da muka saba kira konkur. Amma dokar ba ta shafi jahohi da birane ba. Can ganimar ta ci gaba da gudana, kuma can ne aka sami iyayen gidan siyasa waɗanda ba su riƙe da kujerar komi, amma ba a share titi sai da izininsu. Masu neman gyara suka yi imani cewa idan aka cire gudanarwa daga hannun ƴan siyasa aka ba ƙwararre, ƙarfin iyayen gidan zai karye.

Birnin Kansas ya nuna musu kurensu.

Gidan Pendergast

Uban gidan siyasar garin shi ne Thomas J. Pendergast, wanda ya gaji ƙungiyar daga wansa Jim, mai gidan giya a unguwar talakawa da ke gefen mayankar shanu. Tom ya ɗan taɓa zama a majalisar gari, ya bar ta tun kafin 1920, bai kuma sake neman zaɓe ba. Daga wani ɗan ofishi a bene, lamba 1908 bisa titin Main, yake raba aiki da kwangila da tikitin takara. Kowace safiya mutane na jeruwa a matakala: mai neman aiki, mai neman a saki ɗansa daga hannun ƴan sanda, mai neman kujerar alƙali. Dole a faɗi gaskiya game da shi, domin wanda bai gane dalilin da ya sa talakawa suka so shi ba ba zai gane wahalar wanda ya zo bayansa ba. Yaran Pendergast ne ke kai gawayi gidan gwauruwa lokacin sanyi, su ne ke biyan kuɗin likita, su ne ke ciyar da dubban mutane ranar Kirsimeti, a zamanin da gwamnati ba ta da wani tsarin taimakon marasa ƙarfi. Abu ɗaya suke nema a madadin haka, shi ne ƙuri'a.

A 1925 masu neman gyara suka yi nasarar sa jama'a su amince da sabon kundin mulkin gari: majalisa mai mutum tara kacal a maimakon tsohuwa mai zauruka biyu, zaɓe ba da sunan jam'iyya ba, da manajan birni. Abin da ya ba su mamaki, Pendergast bai yaƙi kundin ba. Ya dai yi lissafi. A da sai ya lallashi mutane da yawa. Yanzu biyar cikin tara sun ishe shi. Ya kuwa sami biyar ɗin a zaɓen farko, kuma a 1926 suka naɗa Henry F. McElroy manajan birni na farko. Duk ikon da aka tattara wuri ɗaya domin a ba ƙwararre, sai ya faɗa hannun yaron uban gida. An ɗinka riga don malam, ɓarawo ya rigaye shi sawa.

McElroy ɗan kasuwa ne mai kaifin baki, wanda ba ya son a tambaye shi. Yana alfahari da abin da ya kira lissafin ƙauye, wato irin na mai kanti: a ɗebo daga wannan asusu a toshe wancan, a ƙarshen shekara a nuna wa jama'a littafi ba giɓi. Kundin 1925 ya tanadi ɗaukar ma'aikata bisa cancanta. Ba a soke tanadin ba, an dai ajiye shi cikin akwati. Ma'aikacin gari kan sami aiki da takardar shugaban unguwarsa na jam'iyya, a kuma yanki wani kaso na albashinsa a kai wa ƙungiya. A 1931, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya, jama'a suka amince da cin bashi mai yawa don wani shirin gine-gine na shekara goma. Da shi aka gina fadar hukumar gari mai hawa 29, da babban zauren taro, aka kuma shafe gindin rafin Brush da kankare. Pendergast yana da kamfanin kankare. McElroy kuwa ya fi son a yi aikin da diga da shebur a maimakon injuna, don a ɗauki mutane da yawa. Wannan ya ciyar da gidaje masu yawa a shekarun yunwa, ya kuma ɗaure wuyansu ga mai ba da aikin. A 1932 gari ya karɓe ikon ƴan sanda daga hannun jaha, caca da gidajen dare suka buɗe ba kunya. Masu son kiɗan jaz kan tuna wannan zamani da daɗi, domin cikin waɗannan gidaje ne Count Basie ya yi suna, Charlie Parker kuma ya koyi busa. Mutum huɗu da aka kashe ranar zaɓen gari na 1934 ba su sami mai tuna su haka ba.

A wannan shekara ta 1934 ne ƙungiyar ta tura wani ɗanta, Harry Truman, zuwa majalisar dattijai ta ƙasa. Faɗuwar ta soma da zaɓen 1936, wanda aka cika akwatunansa da sunayen matattu da na mutanen da ba a taɓa haifa ba. Lauyan gwamnatin tarayya Maurice Milligan ya gurfanar da mutum 278, aka sami 259 da laifi. Shi kansa Pendergast caca bisa sukuwar dawaki ce ta ci shi: don ya biya bashinta ya karɓi cin hanci daga kamfanonin inshora, bai kuma bayyana kuɗin ga masu haraji ba. A watan Mayu na 1939 ya amsa laifinsa, aka yanke masa wata 15 a gidan kaso na Leavenworth. McElroy ya sauka a watan Afrilu, ya mutu a Satumba kafin a kai ga shari'arsa. Jaha ta sake karɓe ƴan sandan garin a wannan shekara, kuma har yanzu hukumar da gwamna ke naɗa mafi yawan membobinta ce ke riƙe da su.

Mai tsintsiya

A farkon 1940 gamayyar masu gyara, wadda mata suka yi wa aiki tuƙuru suna maƙale da alamar tsintsiya a ƙirji, ta ci zaɓe. Lauya John B. Gage ya zama magajin gari. Ba su sauya tsarin mulkin ba. Sun riƙe kujerar McElroy da ikonta, suka shiga neman wanda zai zauna.

An haifi Cookingham a Shikago a 1896, ya tashi a Danville ta jahar Ilinoi, ya yi soja a yaƙin duniya na farko. Daga awon ƙasa da aikin hanyoyi ya fito. A 1927 ƙaramin garin Clawson na jahar Mishigan ya ɗauke shi manaja, daga nan Plymouth a 1931, sannan Saginaw a 1936, shekarar da ya sami digirinsa na injiniya yana da shekara wajen arba'in. Irin wannan tafiya, daga ƙaramin gari zuwa wanda ya fi shi, ita ce hanyar sana'ar: manaja baƙo ne a duk inda yake, ba shi da dangi da zai yi wa alfarma, ba shi kuma da dangi da za su tsaya masa.

Cikin wata shida na farko ya rage ma'aikata wajen 2,000. Wannan adadi shi aka fi maimaitawa idan ana ba da labarinsa, amma a ganina ba shi ne muhimmin abin ba. Kora kowa ya iya ta. Ita ce ma abin da kowace jam'iyya ke yi idan ta ci zaɓe. Gwajin gaskiya yana ga guraben da suka rage, da waɗanda za a cike nan gaba. Mutanen da suka sha wuya suka kayar da Pendergast su ma suna da ƴaƴa da ƙanne marasa aiki, kuma ba abin da ya fi sauƙi kamar a kori yaran wancan a zuba na wannan, a kira shi gyara. Abin da ya bambanta 1940 da sauran sauye-sauyen gwamnati shi ne an fito da tanadin nan na cancanta daga cikin akwati aka sa shi aiki. Aka rarraba ayyuka aji-aji, kowane aji da abin da ake bukata ga mai riƙe shi da albashinsa, ta yadda masu aiki iri ɗaya za su karɓi kuɗi iri ɗaya. Aka sa jarrabawa a ƙofar shiga. Aka hana yankar albashi don jam'iyya. Sayen kayan hukuma da ba da kwangila suka koma ta hanyar gasa a fili, kasafin kuɗi ya zama takarda da ɗan majalisa zai iya karantawa ya gane inda kowace dala ta shiga. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da Cookingham ya ƙirƙiro. Duk suna cikin littattafan sana'ar tun kafin ya zo. Cikin ƴan shekaru aka biya bashin, garin da masu ba da lamuni ke gudu ya koma abin misali.

A nan ya kamata a ba Gage da majalisarsa haƙƙinsu. Manajan da ƙuri'a biyar za su iya korarsa ba ya iya ce wa kowa a'a sai in waɗannan biyar sun yarda a ce musu a'a su ma. Gamayyar 1940 ta rikiɗe ta zama ƙungiya mai ɗorewa, Ƙungiyar Ƴan Gari, wadda ta riƙe rinjaye a majalisa har 1959. Ita ce inuwar da ya yi aiki ƙarƙashinta.

Bayan yaƙin duniya na biyu hankalinsa ya koma ga ƙasa. Ya lura masu hali suna ƙaura zuwa bayan gari, inda harajinsu ba zai shigo baitulmalin birni ba, ya kuma ga yadda St. Louis, ɗaya babban birnin jahar, ya ƙuntata cikin iyakar da ba ya iya faɗaɗawa. Sai ya bi su da iyaka. Mafi ƙarfin hali cikin matakansa shi ne tsallaka kogin Misuri zuwa arewa, inda gonaki ne kawai; bayan doguwar shari'a yankin farko ya shigo cikin birni a 1950. Lokacin da ya zo faɗin garin wajen murabba'in kilomita 155 ne, lokacin da ya tafi ya kusa 340. Ambaliyar Yulin 1951, wadda ta cinye mayankar shanu da unguwannin kwari, ta kuma lalata wurin gyaran jiragen kamfanin TWA, ta ba shi hujjar gina sabon filin jirgi can nesa a arewa bisa tudu. Shi ne ya zama babban filin jirgin saman garin a 1972, kuma hanyar da ke shiga cikinsa sunan Cookingham take ɗauke da shi.

Abin da jarrabawa ba ta auna ba

Ga malamai, wataƙila abin da ya fi jan hankali cikin aikinsa shi ne yadda ya mai da ofishinsa makaranta. Yakan ɗauko samari da suka gama jami'a su zauna kusa da shi shekara ɗaya ko biyu, su ga yadda ake tsara kasafi, yadda ake amsa wa ɗan majalisa mai fushi, yadda ake sauraron mai ƙara. Da yawa daga cikinsu sun zama manajojin wasu garuruwa. Saboda haka ne ƙungiyar manajojin, wadda ya taɓa shugabanta, ta sa sunansa ga lambar yabon da take ba wanda ya yi fice wajen renon matasan ma'aikata, jami'ar Misuri reshen Kansas kuma ta sa shi ga cibiyarta ta nazarin birane.

Sai dai tsabtar hannu ba ita ce adalci ba, kuma tarihin waɗannan shekaru 19 yana da wani gefe da masu yabo kan yi saurin wucewa. Birnin da ya gudanar birni ne na wariyar launin fata. Baƙaƙe suna tsare a gabashin titin Troost, asibitin hukuma kashi biyu ne, na farare da na baƙaƙe, har zuwa 1957. Da kotu ta yanke a 1952 cewa ba a da ikon hana baƙaƙe shiga wurin ninƙaya na lambun Swope, hukumomin gari suka gwammace su rufe shi su ɗaukaka ƙara. Sai 1954 aka buɗe wa kowa. Manyan hanyoyin mota da aka tsara a zamaninsa, waɗanda suka yi wa tsakiyar birni zobe, sun bi ta kan unguwannin marasa ƙarfi, na baƙaƙe da na ƴan asalin Italiya, suka raba su da kasuwa da maƙwabta. Injiniya ya ja layi inda ƙasa ta fi araha, ƙasa kuwa ta fi araha inda masu ita ba su da murya. Faɗaɗa iyakar nan ma ta bar wa garin dubban kilomitoci na titi da bututun ruwa da zai riƙa gyarawa da harajin mutane ƙalilan. Ba shi kaɗai ya yi waɗannan ba, kuma haka ake yi a kusan dukan biranen Amurka na lokacin. Amma akwai abin dubawa a nan: talakan da a da yake hawa matakalar titin Main ya ga uban gida ido da ido, ko da kuwa ƙuri'arsa zai bayar, yanzu takarda ake miƙo masa ya cike. An daina sayen sa, ba a kuma soma tambayarsa ba. Har Cookingham ya bar garin ba baƙar fata ko ɗaya a majalisa. Sai a 1963 Bruce Watkins da Earl Thomas suka shiga, da ƙarfin wata ƙungiya da baƙaƙen suka kafa da kansu.

Wannan tazara tsakanin ofis da unguwa na cikin abubuwan da suka ci Ƙungiyar Ƴan Gari. A zaɓen 1959 ragowar ɓangarorin tsohuwar siyasa suka haɗa kai suka ƙwace rinjaye a majalisa. Pendergast ya mutu tun Janairun 1945 (Truman, yana sabon mataimakin shugaban ƙasa, ya je jana'izarsa duk da surutun jaridu), amma yunwar raba muƙamai ba ta mutu tare da shi ba. Sabuwar majalisa ba ta bukaci soke wata doka ba, kamar yadda Pendergast bai bukata ba a 1926. Ƙuri'u biyar ɗin nan dai. Cookingham ya ajiye aiki ya tafi Fort Worth ta jahar Teksas, inda ya riƙe irin wannan muƙami har 1963. A cikin shekara huɗun da suka biyo bayan tafiyarsa mutum tara suka zauna bisa kujerarsa a Kansas, wasu na riƙo, wasu na ƴan watanni. Jama'a suka gaji, suka mayar da Ƙungiyar Ƴan Gari a 1963 tare da sabon magajin gari, Ilus Davis.

Ba a mayar da shi kujerar ba. Ya dai komo garin a wannan shekara ya jagoranci wata ƙungiyar sada zumunci tsakanin al'ummomin duniya da shugaba Eisenhower ya assasa, ya kuma ci gaba da zama cikin mutanen da ya zo wa baƙo a 1940. A nan ya rasu a watan Yuli na 1992, yana da shekara 95.